Soyayyar Kaza Mai Ɓawo: Abin Da Waya Ba Ta Nuna Muku

'Ya'yana, maza da mata, na lura a 'yan shekarun nan akwai wani abinci da ya shiga ranku: tsokar ƙirjin kaza da ake yankawa dogo-dogo, a tsoma a ƙwai, a birkiɗa cikin garin burodi, a soya har ta yi ɓawo mai ƙaras-ƙaras a baki. Kuna ganinta a waya, kuna cinta a gidajen abincin titin Ahmadu Bello da na Isa Kaita a nan Kaduna ranar da aljihu ya yi nauyi, sai wata rana ku ce bari mu gwada a gida. To a nan rai ke ɓaci. Ko dai ɓawon ya zube cikin mai ya bar naman tsirara, ko ya sha mai ya yi laƙwas, ko kuma, wanda ya fi muni, waje ya yi baƙi ƙirin ciki kuwa da sauran jini. Daga nan sai a yanke cewa masu gidajen abinci wani sirri gare su, ko wani gari suke sawa wanda sai a Legas ake samunsa.

Babu wani sirri. Malamin da kuka ɗauka ne ba ya ba da karatu cikakke. Bidiyon TikTok ko Instagram na daƙiƙa 40 yana nuna muku hannu yana yanka, yana tsomawa, yana juyawa. Abin da ake yankewa daga cikinsa shi ne duk lokacin da hannu ya tsaya cik: awannin da nama ya yi kwance cikin kindirmo, wunin da burodi ya yi yana bushewa, mintunan da aka yi ana jiran mai ya yi zafi, da waɗanda aka sake yi ana jiran zafin ya dawo bayan an kwashe kason farko. Ban ga laifin mai ɗaukar bidiyon ba, don ba wanda zai ƙona datarsa yana kallon mai yana ɗumama. Amma girkin nan, mafi yawansa a cikin wannan jiran yake, kuma shi nake so in mayar muku.

Kada ku ɗauka dabarar baƙuwa ce a madafinmu. Gaskiya ne irin wannan yanka na tsokar ƙirji, wani gidan abinci ake yawan danganta wa, Puritan Backroom da ke garin Manchester a jihar New Hampshire ta Amurka, a 1974. Tun kafin nan mutanen Ostiriya suna bubbuga naman ɗan maraƙi ya yi faɗi su soya shi cikin garin burodi, Japanawa ma suna da nasu. A ƙasar nan kuwa soyayyar kaza ta kanti ta bazu ne da buɗe Mr Bigg's a Legas a 1986, sai Chicken Republic a 2004, sannan KFC ta iso a 2009. Sai dai duk gidan da aka taɓa buɗa-baki da doya da ƙwai, an san yadda ake yi wa abu riga kafin a jefa shi a mai. Mai awara ta sani. Mai tsiren bakin titin Unguwar Sarki da ke danna nama cikin garin ƙuli ya sani. Wadda ta iya ƙosai, ta san zafin man da ke sa shi ya taso fes da wanda ke sa shi ya nutse ya sha mai, ta riga ta yi rabin karatun nan. Saboda haka idan kun kakare, kafin ku koma waya, ku tambayi iyayenku mata.

Daga kasuwa ake farawa. Kazar Hausa ta fi daɗi, wannan ba na jayayya a kai, amma wurinta farfesu ne da miya da dambu. Ƙirjinta ƙarami ne, namanta kuma na buƙatar doguwar dahuwa, ga shi suyar nan minti shida ce ko bakwai. Haka tsofaffin kaji masu ƙwai da ake karyarwa idan sun gama aiki, tauri gare su. Abin da kuke nema buroila ce ta gidan gona, 'yar mako 6 zuwa 8, mai cikakken ƙirji. Ba ta wuyar samu a Kaduna. Tun da kamfanin Olam ya buɗe masana'antar abincin kaji da wurin ƙyanƙyasa a Chikun a 2017, ga kuma masu kiwo a bayan gida daga Badarawa zuwa Hayin Banki da Rigasa, kaza ta wadata, kuɗinta ne dai ke hawa da sauka da farashin masara.

Idan kun je wurin 'yan kaji, a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi ne ko a Kawo ko a unguwarku, ku zaɓa da idonku tun tana da rai. Ku ɗauki wadda ke tsaye da ƙafarta, idonta garau, tana kokawa idan an kama ta. Mai gyangyaɗi a lungun keji, mai majina a hanci, ko an ce a rabin kuɗi za a bar muku, ku wuce, araha ba ta ado. Da yawanku ba ku da wayo a watan Fabrairun 2006, lokacin da aka tabbatar da ɓullar murar tsuntsaye nau'in H5N1 karo na farko a nahiyar Afirka, kuma a nan kusa da mu ne, a wata gonar kaji da ke Jaji. Waɗanda suka ga wancan lokaci ba sa wasa da kaza mara lafiya. In kuwa wurin maƙwabci mai kiwo za ku saya, ku tambaye shi cikin ladabi yaushe ya daina ba su magani. Kowane maganin kaji na kirki an rubuta a jikinsa kwanakin da za a jira kafin a yanka, kuma mai kiwo mai tsoron Allah ba zai ji haushin tambayar ba.

Sai maganar daskararriyar kaza. Tun farkon shekarun 2000 gwamnati ta hana shigo da ita daga waje, amma ba a daina fasa-ƙwaurinta ta Kwatano ba. Irin wannan ta yi doguwar tafiya, ta narke a hanya ta sake daskarewa ba a san sau nawa ba, ba ku kuma san wanda ya yanka ba balle yadda ya yanka. Ni ba ta shiga gidana. Wadda gonakin cikin gida ke yankawa su rufe a leda da sunansu da lambar NAFDAC, wannan daban ce. Ku dai bar ta ta narke a ƙasan firji, kada ku jefa ta cikin ruwan zafi don sauri.

Ku sayi kazar sukutum. Bayan an fige, ku ce wa mai gyaran ya fitar muku da ƙirjin ɓari biyu ba tare da ƙashi ba, ko ku yi da kanku a gida, wuƙa mai kaifi tana bin jikin ƙashi. Idan kuka kifa kowane ɓari za ku ga wata 'yar tsoka doguwa a manne a ƙarƙashi, da yatsa ma tana ɓantaruwa. Ita ce ainihin abin da ake nema, ta fi ko'ina laushi a jikin kaza, sai dai biyu ce rak a kowace kaza. Shi ya sa ake yanka sauran ƙirjin a kan girmanta. Akwai farar jijiya a bakinta, ku danne ta da wuƙa ku zare. Kaurin kowane yanka kada ya wuce na yatsa, wajen santimita ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma su zo daidai da juna. Idan wani ya yi kauri wani ya yi siriri, a mai ɗaya za su shiga, ɗaya ya ƙone ɗaya bai nuna ba. Cinyoyi da fukafukai da ƙashin baya da wuya, ga farfesun dare ko miyar gobe. Da haka kaza biyu ke ciyar da gida sau biyu, kuma da haka ne yin abin a gida ke fin saye sauƙi.

A nan zan ɗan tsananta muku. Ɗanyen naman kaza yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin su Salmonella, ko da kazar lafiyarta lau. Wuta na kashe su, wankewa ba ta kashe su. Dole dai ku wanke kazar da aka fige a kasuwa, don ta taɓa teburi da ruwan da wasu kaji suka bi, amma ku wanke a cikin roba, a hankali, kada ku sakar mata famfo ruwan ya fantsama kan kwanuka. Yawancin ciwon cikin da ke biyo bayan irin wannan girki ba daga soyayyen naman yake zuwa ba. Daga kabeji da kokwamban da aka yanka ne a kan katakon da aka gama yanka kaza, da wuƙar da aka ɗauraye sama-sama. Ku fara yanka kayan ganye ku rufe ku kawar, sannan ku taɓa nama. Bayan kun gama, katako da wuƙa da hannu duk su ga sabulu. Wayar ma ku ajiye ta nesa, don hannun da ya taɓa ɗanyen nama ya shafa fuskar waya, anjima wayar nan tana hannun ƙaramin yaro.

Yanzu jiƙo. A kilo ɗaya na tsoka ku zuba kofi ɗaya na kindirmo, gishiri cokalin shayi biyu a shafe, ku rage in za ku sa dunƙule, da dakakkiyar tafarnuwa, citta, masoro da ɗan garin barkono. Kindirmon Fulani nake nufi mai tsami, ko yogot marar sukari. Mai zaƙi zai ƙone muku a mai. Tsamin kindirmo mai sauƙi ne, yana sassauta naman a hankali, gishirin kuma yana ratsawa har ciki ya sa tsokar ta riƙe ruwanta a wuta. Ƙirjin kaza ba shi da kitse, in ba a yi masa haka ba sai ya fito a bushe yana maƙalewa a wuya. Lemon tsami yana iya tsayawa a madadi, amma shi kaifi gare shi, kada ya wuce rabin awa.

In da kindirmo ne, awa biyu a firji ya wadatar, kwana ya fi. Na san halin wutarmu. Idan an ɗauke kuma firjin ya huce, kada ku bar nama cikin kindirmo a kan teburi tun safe har la'asar da sunan yana tsumuwa. Ƙa'idar masana lafiyar abinci ita ce ɗanyen nama kada ya wuce awa biyu a waje, in kuwa zafin gari ya haura digiri 32, awa ɗaya. A watan Maris da Afrilu Kaduna tana wuce wannan nesa ba kusa ba. Ranar da ba wuta, ku jiƙa na rabin awa a inuwa, a rufe, ko ku sayi ƙanƙara ku ɗora robar a kai cikin kula. Ragowar kindirmon jiƙon a zubar.

Kwano uku za ku jera. Na farko fulawa, kashi uku, da kashi ɗaya na farin sitacin masara irin na kanti, ko garin shinkafa mai laushi da aka tankaɗe, da ɗan gishiri da kayan ƙamshi. Fulawa zalla takan yi danƙo idan ta ji lema, sitacin ne ke karya wannan danƙon ya sa ɓawo ya yi garas. Na biyu ƙwai uku da aka kaɗa sosai. Na uku garin burodi. Ku tsamo nama, ku share kindirmon da ya yi yawa da yatsa, ku birkiɗa a fulawa, sannan ku kakkaɓe. Kakkaɓewar nan kada ku raina ta. Fulawar da ta taru da yawa takan zama kunu tsakanin nama da ɓawo, shi ne za ku ga ɓawon ya saɓule gaba ɗaya a cizon farko. Daga nan sai ƙwai, ku ɗaga ya tsiyaye, sai garin burodi, ku danna da tafin hannu ya kama ko'ina. Hannun dama ga busassun kwanuka, na hagu ga ƙwai, in ba haka ba yatsunku za su fi naman samun riga.

Garin burodin shi ne inda na ga an fi yin asara, don haka bari in daɗe a kansa. Ana sayar da shi a ƙunshe a manyan kantuna, har da irin na Japan mai manyan ɓarɓashi, amma da tsada, kuma ba dole ba ne. Burodin jiya ya isa. Ku yanka shi fale-fale, ku cire jan bayan, ku shanya a faranti ku rufe da rariya saboda ƙuda da ƙura. Da hunturu wuni ɗaya ya ƙame. Da damina rana ba abin dogaro ba ce, sai ku jera shi a busasshen kasko a kan wuta kaɗan-kaɗan kuna juyawa, ya bushe ba tare da ya yi ja ba. Idan ya ƙame har yana karyewa, ku goga a magogi ko ku murtsuke da hannu. Kada ku kai shi turmi ku daka ya zama gari lilis, kada kuma ku bar shi a bilenda har ya koma hoda. Ɓarɓashi masu ɗan girma su ne ke miƙewa a jikin nama su soyu ta kowane gefe, su ne masu ƙarar. Hoda kwanciya take yi ta shanye mai.

Ga kuma abin da mai bidiyon Amurka ba zai faɗa muku ba domin bai san burodinmu ba. Burodin da muke saye wurin mai shayi yana da sukari da bota sosai. Sukari kuwa saurin ja gare shi a wuta. Sai ku ga ɓawo ya yi kyau cikin minti biyu, ku ɗauka an gama, alhali naman ko ɗumi bai gama yi ba. Ku nemi burodin da zaƙinsa bai da yawa. In wanda ke hannu mai zaƙi ne, ku ƙara sirantar da yankan, ku ɗan rage wuta.

Wasu na sa garin kwaki, kuma yana yi. Fari, marar tsami sosai, a tankaɗe a cire manyan tsakin. Shi kaɗai yakan yi tauri har ya dami haƙori, amma kashi ɗaya cikin kashi biyu na burodi yana ba da ɓawon da ke daɗewa bai saki ba. Konfiles irin na Nasco ta Jos, a zuba a leda a murƙushe da kwalba, shi ma yana yi, sai dai da sukarinsa, a kula da wuta. Garin ƙuli kuwa, duk da son da nake masa, ba na sa shi cikin ɓawo, don yana saurin ƙonewa a mai ya kawo ɗaci. Wurinsa bayan an kwashe ne, a barbaɗa yajin ƙuli naman na da zafi. Ni a wurina wannan ya fi duk wata jar miyar kwalba da ake dangwalawa.

Idan kun gama yi wa naman riga, ku jera a faranti ba tare da ɗaya ya hau ɗaya ba, ku bar shi minti 10 zuwa 15. Kamar yaɓen ɗaki ne, in bai sha iska ya kama jikin bango ba, ruwan farko zai wanke shi. A wannan ɗan lokaci fulawa ke jan lema daga ƙwai, su haɗu su riƙe naman. Lokacin ne kuma za ku ɗora mai.

Tukunya ko kasko mai kauri kuke so, irin na zubi da ake ƙerawa a Panteka, don shi ke riƙe zafi. Kasko mai fale-fale da an zuba nama ya huce, da an ƙara wuta ya ƙone. Man gyaɗa ya fi, zurfin kamar gaɓa biyu na yatsa, kuma kada ya wuce rabin tukunyar. In man ƙuli ne na gida, ku fara soya 'yar albasa a ciki ku tsame, ku sani kuma yana kumfa, sai a ƙara ba shi sarari.

Ku fahimci abin da ke faruwa a cikin man, don wanda ya fahimta ba ya buƙatar a tsaya a kansa. Ƙarar da kuke ji idan nama ya shiga, ruwan jikinsa ne ke zama tururi yana fita da ƙarfi. Muddin tururin na turowa waje, mai ba ya samun hanyar kutsawa sosai, ɓawon kuma yana bushewa, bushewar nan ita ce ƙaras-ƙaras ɗin. Idan man bai yi zafi ba, tururin ba shi da ƙarfi, garin burodi sai ya zauna yana sha. Idan ya yi zafi fiye da kima, waje ya ƙone kafin zafi ya isa tsakiya. Abin da ake so digiri 170 zuwa 180 ne a ma'aunin Salshiyas. Mai ma'aunin zafi na girki ya huta. Wanda ba shi da shi, ya jefa ɓarɓashin burodi guda: in ya nutse ya yi shiru, da saura, in ya taso nan take yana 'yan kumfa kewaye da shi, an kai, in ya yi baƙi kafin ƙiftawar ido ko man ya fara hayaƙi, an wuce, a sauke ya ɗan huce. A gas wannan juya maɓalli ne. A gawayi sai an zare 'yan garwashi ko an ƙara, don haka ku bari ya ruru ya kwanta kafin ku ɗora.

Ku riƙa sa yanka huɗu ko biyar a lokaci guda, gwargwadon faɗin tukunya, kowanne da filinsa. Na san kuna ganin ɓata gas ne. Amma nama mai sanyi idan ya yi yawa yana kashe zafin mai nan take, sai suya ta koma dahuwa. Ku sa shi a hankali, kuna kwantar da shi zuwa can nesa da jikinku. Minti biyun farko kada ku taɓa. Wannan juye-juyen na rashin haƙuri shi ke kankare ɓawo tun bai kama ba. Idan gefen ƙasa ya yi ja, ku juya sau ɗaya, wajen minti uku kowane gefe. Ku saurara da kunne, ƙarar takan ragu idan an kusa. Bayan kun kwashe, ku tsame ɓarɓashin da ya zube da matsami, don shi ne zai ƙone ya baƙanta kaso na gaba, sannan ku jira man ya dawo da zafinsa.

Launin ɓawo ba shaida ba ne. Ku ɗauki mafi kauri cikin kason farko ku raba shi biyu. Tsakiya ta zama fara sol, ruwan da ke fita ya zama garau, ba ja ba ruwan hoda. Da ma'auni, digiri 74 ake nema a tsakiyar nama. Naman sa ana iya cinsa da sauran ja a wasu ƙasashe, kaza kuwa haɗari ne a yi mata haka. Ku tuna wa zai ci: ƙannenku ƙanana, kakarku, yayarku mai juna biyu. Abin da zai sa ku kwana ɗaya kuna zarya bayi, su yana iya kai su gadon asibiti.

To an soya, ya yi kyau, saura kuskure na ƙarshe, wanda kuma tarbiyyarmu ce ke jawo shi. An koya mana abinci ba ya zama a buɗe, na maigida da na baƙo a kula ake zubawa a rufe, kuma tarbiyya ce mai kyau. Sai dai wannan abincin kula ce ajalinsa. Naman na ci gaba da fitar da tururi bayan an kwashe, idan aka rufe, tururin ya rasa hanya sai ya koma cikin ɓawo, cikin minti goma duk wahalarku ta tafi. Haka leda, haka tara shi tsibi a kwano. Ku jera shi a kan ragar waya ko gwagwar ƙarfe inda iska za ta bi ta ƙasa. Jarida kuma ku daina, tawadarta ba abin ci ba ce. In don ƙuda ne, rariya ta isa. Dabarar ita ce a soya shi daga ƙarshe, bayan an gama komai, mutane sun zauna. Da azumi ku gama yi masa riga bayan la'asar ku sa a firji, ku ɗora mai saura kamar minti 20 a kira salla. Wanda ya kwana a firji, a busasshen kasko ko oven ake ɗumama shi har zafi ya ratsa.

Man da ya rage, idan ya huce ku tace da ƙyalle mai tsabta ku rufe a kwalba. Zai ƙara yi muku sau biyu ko uku. Da ya yi duhu, ya fara yauƙi ko wari, ko yana hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aiki. Abincin kansa ma na marmari ne, na ranar Juma'a ko ranar baƙi, jiki ba ya son suya kullum.

Ina roƙonku da Allah ku riƙe wannan. Idan mai ya kama da wuta, kada ku zuba ruwa. Ruwa a tafasasshen mai tashi yake yi da wutar har rufi, ya watsu a fuska da jiki. Ku kashe gas, ku rufe tukunyar da murfin ƙarfe, ku bar ta a rufe, kada ku ɗauke ta ku yi waje da gudu. Kafin ku fara suya ku ɗaure mayafi ko ku cire, ku naɗe hannun riga, ku juya mariƙin kasko ciki, ku fitar da yara. In mai ya zubo wa mutum, ruwa mai sanyi za a yi ta kwarara wa wurin har minti 20. Ba man goge baki, ba ɗanyen ƙwai, ba gishiri, ba manja. Ƙunar da ta yi faɗi, ko ta taɓa fuska, ko a jikin yaro take, a wuce asibiti, ga Barau Dikko nan a tsakiyar gari.

Samari, ban manta da ku ba, kuma kada wanda ya ce muku wannan karatun mata ne. Masu tsire da balangu da masu shayin garin nan galibi maza ne, da wuta da wuƙa suka gina gidaje suka aurar da 'ya'ya. Kai da ke karatu a KASU ko Poli, gobe bautar ƙasa za ta jefa ka inda ba ka da uwa ba ka da ƙanwa. Ranar da mahaifiyarka ta kwanta rashin lafiya kuma, hannun da ya iya riƙe matsami ya fi mata amfani a kan wanda ya iya yin oda a waya.

Na kuma san da yawa cikinku, musamman 'yan mata, kun fara sayarwa: a ɗora hoto a WhatsApp, a karɓi odar kamu da walima da suna. Allah ya sa albarka, sana'a ce mai kyau. Ku zauna da biro ku lissafa komai kafin ku faɗi farashi, har gas da mai da kwali da kuɗin mai Keke, don da yawa suna sayarwa wata da watanni ba su san uwar kuɗin suke ci ba. Kada ki karɓi odar mutum ɗari alhali tukunyarki biyar take ɗauka, gaggawar cika alƙawari ita ke sa a kwashe nama bai nuna ba. Kada ki haɗa na jiya da na yau. Wanda ya saya bai ga madafinki ba, bai ga man ba, bai ga katakon ba, yarda kawai ya yi, kuma za a tambaye ki wannan yardar. Idan za a kai wa mai oda, ki bar shi ya sha iska minti biyar, ki sa a kwalin takarda, ki huda murfin wuri uku ko huɗu. Daga Malali zuwa Kawo zai isa da ƙararsa. Idan kuwa za a haye gada zuwa Barnawa da yamma, lokacin cunkoso, ki faɗa wa mai saye gaskiya tun kafin ya biya cewa zai ɗan saki a hanya, ki kuma koya masa yadda zai ɗumama shi a kasko.